Allon Makon Kawu Sai-Gobe

Kawuna kafinta ne, yayan mahaifiyata, kuma a hannunsa na tashi tun ina 'yar firamare. Shagonsa na bakin titi tsakanin mai walda da mai faci, rumfar kwano ce wadda kullum za ka tarar da ƙafar kujera ko murfin kabad a jingine a bakinta. Aikinsa kam babu mai kushewa. Gadon da ya yi wa mahaifiyata tun ban san kaina ba, har yau ko ƙara ba ya yi. Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. In ka kawo aiki ka tambayi ranar karɓa, sai ya ɗaga kai ya dubi kwanon rumfa kamar a can aka rubuta, ya ce, "Gobe in Allah ya kai mu." Ka dawo goben, ya tarbe ka da fara'a, ya kaɗe maka garin katako daga kan benci, ya zuba maka shayi daga filas, ya ce, "Ai saura ƙiris. Sai gobe." Da haka sunan ya bi shi. Har masu kawo masa katako Sai-Gobe suke kiransa, shi kuwa ko a jikinsa, amsawa yake yi da dariya.

Abin da ya hana shagon nan rushewa matarsa ce, wadda muke kira Inna. Ba ta taɓa riƙe biro don ta tuna wani abu ba, komai a kanta yake. Ta san ranar da famfo ke kawo ruwa a layinmu, ta san ranar da motar shara ke wucewa, ta san wa ya kawo aiki, da ranar da aka yi masa alkawari, da karo na nawa ke nan aka saɓa. Da safe yana sa takalmi tana tsaye a kansa.

"Yau malamar nan za ta zo karɓar tebur, kada ka ce mata komai, ka ba ta abinta. Ka biya ta wajen mai katako. Iskar gas ta kusa ƙarewa."

"To, Sakatare."

Haka yake kiranta. Kafin ya kai bakin layi rabin maganar ya zube, ita ma ta san da haka, shi ya sa da rana sai ta kira shi a waya ta sake zubo masa. 'Ya'yansu biyu: Babban Yaya, wanda aiki ya kai shi nesa, da Auta, wadda ke aure a can ƙarshen gari. Ni ce ta uku, ta riƙo, ina koyarwa a makarantar ƙananan yara, gidana kuma bai da nisa da nasu.

Wata safiya Inna na shanya kaya a tsakar gida, sai ta zame ta zauna a ƙasa, riga a hannunta. Hawan jini ne, ya taɓa ta a kai. Da aka sallamo ta daga asibiti ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana kuma ta tafi. Kalma uku suka rage mata: "to", "a'a", da "kai". Amma idonta garau. Kana kallonsa ka san matar nan tana nan ciki, babu abin da ya ɓace mata sai hanyar fita.

Kawu ya sa wa shago kwaɗo. Muka ce a samo mai kula da ita, ya ce yana raye ba za a yi haka ba. Mutumin da bai taɓa dafa ruwan zafi ba ya koyi dafa shinkafa, ya koyi juya ta a gado, ya koyi taje mata kai, duk da dai kitson da ya gwada yi mata sai da Auta ta zo ta tsefe tana dariya har da hawaye. Hannunsa na da sauƙi, haƙurinsa na da yawa. Sai dai jinya ba hannu kaɗai take so ba. Akwai maganin safe, akwai na yamma, akwai wanda sai an ci abinci. Akwai mai gashi, wata ma'aikaciya da ke zuwa gida tana motsa wa Inna hannu da ƙafa. Akwai ranar komawa asibiti, ga ruwa, ga wanki, ga ni da Auta da muke karɓa-karɓa. Duk wannan ya faɗo kan mutumin da bai taɓa sanin yau wace rana ba ce sai an faɗa masa.

Mai gashi ta zo ta tarar da gida a kulle, ya ɗauki Inna sun tafi asibiti a ranar da ba tasu ba. Ya jiƙa zannuwan gado duka a ranar da famfo ko tari ba ya yi. Ni da Auta muka haɗu rana ɗaya kowa da kular abinci, washegari kuma babu wadda ta leƙo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna na gani. Ta san an yi kuskure tun kafin a gama yinsa. Sai ta hau cewa, "A'a! A'a!" Shi kuma ya rikice.

"Ruwa? Filo? Fanka ce ta yi yawa?"

"Kai!"

Ya kawo wannan, ya ɗauke wancan, har ta gaji ta juya fuska bango, hawaye na gangarowa ta gefe guda.

Babban Yaya ya aiko da waya wadda ya cika da ƙararrawa. Ta yi ta kuka, Kawu ya zaro ta ya zuba mata ido, ya ce, "To na ji, amma me kike so?" Ni kuma na sayo kalanda mai gidaje na rubuta komai. Gidajen ƙanana, rubutuna ƙanana, tabaran Kawu kuwa kullum yana wani ɗaki.

Ana nan sai ya ba ta maganin hawan jini da safe, ya shiga kicin, ya fito, ya tsaya yana tunani ko ya bayar ko bai bayar ba. Ya ɗauko ƙwayar. Ta ce a'a, ta kau da kai. Da ma takan ƙi magani wani lokaci, sai ya lallashe ta har ta haɗiye. Kafin rana ta take, jikinta ya yi laƙwas, idonta na lumshewa. Mai walda ne ya samo musu mota. Likita ya ce an yi sa'a, za ta warware, amma kada a kuma.

Na same shi zaune kan benci a barandar asibiti, hularsa a hannu yana murzawa. Na zauna gefensa.

"'Yata," ya ce, "ta faɗa mini fa. Da bakinta ta ce a'a."

"Kawu, ba da gangan ka yi ba."

"Na sani. Amma in da gangan in ba da gangan ba, ƙwayar dai ta shiga ciki." Ya mayar da hular kansa. "Ki zauna da ita gobe da safe. Zan je shago."

Na ɗauka aiki zai koma don ya huce. Ashe fallen katako ya je yankowa, mai faɗin tagar ɗaki. Ya goge shi sumul, ya shafa masa baƙin fenti, ya ja layi bakwai na kwanakin mako, ya ja na kwance, kowace awa da gidanta. Ya sayo alli ya zauna ya cika shi tam, har da lokacin share tsakar gida da na yanke farce. Mai walda ya zo dubiya, ya tsaya gaban allon ya riƙe haɓa.

"Sai-Gobe, wannan jadawalin tashin jirage ne? Ƙarfe nawa namu zai tashi?"

Allon nan bai yi mako ba. Kafaɗa ta goge rabin Talata. Kawu ya kasa karanta rubutun kansa. Kuma babbar matsalar na nan: allo ya ce a ba da magani, amma bai ce an bayar ko ba a bayar ba. Ya sauke shi ya jingine a bayan ƙofa, ya kwana biyu ba ya walwala.

Abin da ya buɗe masa ido, a cewarsa, ya je shago ne ɗauko abin gyaran ƙafar gadon Inna. Ya miƙa hannu bango ya ɗauko guduma ko dubawa bai yi ba. Sai ya tsaya. A bangon shagon nan kowane ƙarfe da ƙusarsa: zarto, guduma, tef ɗin awo, kowa da wurinsa. In ƙusa ba komai, ya san abin yana hannu. In yana rataye, ba a taɓa shi ba.

"Shekara da shekaru ina mantuwa," ya ce mini, "amma kin taɓa jin na ɓatar da guduma? Ni ashe ba da rubutu nake tunawa ba, da ƙusa nake tunawa."

Ya mayar da allon shago ya sake masa fenti, fari wannan karon. Ya bar layukan kwanaki bakwai, ya share awannin nan duka, ya bar gida uku kacal a kowace rana: safe, rana, yamma. A kowane gida ya kafa ƙusa ɗaya ya ɗan karkata kanta sama. Sai ya tattaro guntayen katakon da ke zube a ƙarƙashin teburin aiki, ya yanka su kamar girman kwalin ashana, ya goge gefensu don kada su yi sartse, ya huda kowanne. Ja na magani ne. Kore asibiti. Shuɗi ranar ruwa da wanki. Rawaya mai gashi. A ƙasan allon ya kafa gwangwanin madara. Doka ɗaya ce: in an yi abu, a cire katakonsa a jefa gwangwani. In ja na rataye, ba a sha ba. In ƙusa fayau, an sha, ko wa ya ce me.

Ranar farko da na ji ƙarar katako ya faɗa gwangwani, ƙwal, na ga Kawu ya sauke ajiyar zuciya kamar wanda ya ajiye buhun siminti.

A falo ya kafa shi, daidai idonsa. Inna kuwa duk sanda aka fito da ita ta gan shi sai ta hau "a'a". Kawu ya ce ko launin ne bai yi mata ba. Mai gashi ce ta gane. Mace ce mai jiki, mai faɗa, ba ta tauna magana. Ta dubi allon, ta dubi Inna, ta ce, "Baba, allon wa ka yi?"

"Nawa mana. Ni ne mai mantuwar."

"To mai tunawar fa? Ka rataye shi a inda ko da sanda ba za ta taɓo ba. Sauke shi ka kai mata gefen gado, ta hagu. Rataya katako a ƙusa ma ai motsa hannu ne, ka rage mini aiki."

Aka sauke, aka kafa daidai inda za ta kai daga zaune. Muna tsaye mu uku. Inna ta daɗe tana kallonsa. Ta ɗaga hannun hagu, ta cire shuɗi daga Talata. Katakon ya suɓuce ya faɗi kan zane. Kawu ya yunƙura, mai gashi ta tare shi da hannu. Inna ta lalubo shi, ta kai, ta kuskure ƙusa, ta sake kaiwa, ta rataye shi a safiyar Laraba. Ta juyo ta dubi Kawu da irin kallon da muka sani tun muna yara.

"Laraba ake kawo ruwa?" ya tambaye ni a hankali.

"Tun kafin a haife ni, Kawu."

Ya fashe da dariya, yana yi yana share ido da bakin riga. "Sakatare ta dawo ofis," ya ce. Inna ta ce, "To." Bakinta ya karkace gefe guda, murmushinta na farko ke nan tun da ta kwanta.

Daga nan allo ya tashi daga hannunsa. Duk yammacin Lahadi sai ya juye gwangwani a kan tire ya ajiye mata a cinya, ita ta tsara mako, shi ya zauna gefe yana miƙo abin da ya faɗi. Ta fara neman katakon da babu. Ta nuna kicin, a yi ta canka har a gano gas take nufi, ya je ya yanko, ya zana wuta a kai. Mu ma aka yi mana namu. Nawa ya zana masa tabarau. Na Auta ɗaurin ɗankwali ne da ya fi kan girma, ta yi ta mita wai an ci mata fuska. Babban Yaya waya aka zana masa, aka rataye shi yammacin Asabar, kuma in bai kira ba katakonsa na nan yana kallon kowa har Lahadi. Da na aika masa hoton sau ɗaya, bai sake saɓawa ba.

Wata Lahadi ta gama tsari, sai ta miƙa hannu ta zare tef ɗin awo daga aljihun Kawu, ta rataye shi a safiyar Litinin.

"Me za a auna?" ya ce.

Ta nuna ƙofa da haɓa.

"Shago? A'a, Sakatare. In na tafi wa zai zauna da ke?"

Ta ɗauko ɗankwalin Auta ta rataye a kan tef ɗin. Ta ɗauko tabarauna ta kai Alhamis, ranar da ake tashinmu da wuri. Ya yi ta kawo hujja, tana cewa "kai" tana kallon wani wuri. Litinin da safe ya buɗe shago. Mai faci da mai walda suka yi masa tafi kamar ango.

Rabin yini yake yi. Kowane aiki ya karɓa sai ya yanka masa katako ya kawo gida, Inna ta ba shi rana. Ƙusar nan kuwa katako uku take ɗauka, na huɗu faɗowa yake yi. Ya so ya canja su da dogaye, ta ce a'a. Saboda haka in mai aiki ya tambayi ranar karɓa, Kawu ya daina duban kwanon rumfa, sai ya ce, "Bari in kai wa ofis, su za su yanke." Wani lokacin amsar ita ce ƙusa ta cika, sai mako na sama. Wasu suka yi fushi suka kai wani wuri. Mafi yawa suka jira, don in an ce Alhamis yanzu Alhamis ɗin ce. Sunan dai bai sake shi ba, mutane ba sa son a raba su da abin dariyarsu.

Ba kowane mako ne ya tafi daidai ba. Akwai lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita, ta rame, abin da aka samu na motsin hannu ya koma baya. Wata yamma ta kifar da tiren gaba ɗaya, katakai suka watse har ƙarƙashin gado, ta ƙi kallon kowa. Kawu ya durƙusa ya tsince su, ya rataye jajayen kawai, ya bar sauran ƙusoshin fayau. Allon ya zauna haka har ta miƙa hannu da kanta ta nemi tire.

Hannun dama bai dawo yadda yake ba, har yau yatsu biyu ba sa miƙewa. Amma tana tashi da sanda, tana jan ƙafa har tsakar gida. Mai gashi ta riƙa sa ta faɗin sunan rana kafin ta rataye katako, da haka kalmomi suka fara dawowa ɗaya-ɗaya, a daddafe. Maƙwabta da suka ga allon suka fara cewa a yi musu irinsa. Kawu ba ya yanka katako sai ya zaunar da mutum ya tambaye shi: me kake mantawa, wa ke tuna maka, a ina ka fi tsayawa a gidanka? Na wata mai sayar da abinci a bayan ƙofar kicin aka kafa, na wani direba kuwa ɗan ƙarami ne da ke shiga aljihun ƙofar mota.

Watannin baya Inna ta nemi katako fari da alƙalamin zane, ta ce ita za ta zana. Ta daɗe a duƙe, harshe a gefen baki. Da ta ɗago, muka kewaye abin. Auta ta ce akuya ce. Na ce tukunya ce a kan murhu. Kawu ya juya shi sama da ƙasa ya ce shi dai yana ganin kamar kwaɗo. Kowa ya faɗa sai ta ce "kai". Mai walda ya leƙo ta taga ya ce, "Haba jama'a, ba ga tayoyi nan ba?"

Mota ce. Ta rataye ta a safiyar Asabar, ta share duk abin da ke ranar in ban da ja. Ta tattara ƙarfinta ta ce, "Ya-ya."

Tana da yaya, tsohuwa tukuf, a wani ƙauye bayan gari, wadda ciwon gwiwa ya hana ta fita. Tun kwanciyar Inna ba su ga juna ba. Kawu ya ce hanyar ba ta da kyau, a bari ta ƙara ƙarfi. Ta dafe katakon a kan ƙusa ta ƙi cire hannu.

Muka ɗauki shatar mota, ni da Auta a baya muna tallafe da ita, Kawu a gaba rungume da ledar magani, yana roƙon direba ya bi ramuka a hankali. Tsohuwar na zaune a inuwar bishiya a tsakar gidanta. Aka zaunar da Inna kusa da ita. Suka riƙe hannun juna suka yi kukansu, muka ba su wuri. Da muka dawo, yayar ce ke ta zuba: labarin jikoki, labarin kaji, labarin maƙwabciyar da ta ƙi dawo mata da turmi. Inna na cewa "to", tana cewa "a'a" a inda ya dace.

Tsohuwar ta juyo ta dube mu. "Kun ga ikon Allah," ta ce. "Tun muna yara yarinyar nan ba ta taɓa bari na kai ƙarshen magana ba sai yau."

Inna ta kai mata duka a cinya da hannun hagu, su biyun suna dariya. Na waiga in ga ko Kawu ya ji. Yana can kan tabarma a gindin katanga, ya tura hula kan fuska, ledar magani a ƙirjinsa, yana ta minshari da rana tsaka. Auta ta tashi za ta tashe shi ya ci abinci, Inna ta ɗaga mata hannu.

"Bar shi," ta ce.